Mayar wa Baba da Rediyonsa

Saura kwana huɗu a yi sujadar coci ta cika shekara da rasuwar Baba, Mama ta ce ita ba za ta shiga motarsa ba. A ƙauyenmu za a yi sujadar, can wajen Nok, inda aka binne shi. Ni kuwa tun ranar Litinin na taso daga Abuja musamman don in tayar da motar, in wanke ta, ranar Asabar in ɗauki Mama mu tafi. Har na sa an zuba mai, an ƙara wa tayoyi iska. Ina tsaye a tsakar gidanmu na Kafanchan da bokiti a hannu ta faɗa min, da 'yar muryar nan tata da sai mutum ya matso yake ji.

"Ni ba zan shiga motan nan ba sai an mayar masa da rediyonsa."

Na ce, "Mama, ai akwai rediyo a ciki. Sabo ma."

Ta ce, "Wannan naki ne. Nasa nake magana."

Ta juya ta shiga ɗaki. Na ji ta tana jan kujera, na ji ta tana laluben saman akwatuna. Ta fito da wani ƙunshi a cikin tsohon zanen zumuntar matan coci, ta ajiye a kan murfin injin da nake wankewa, ta koma kan dakan cittarta. Ban buɗe ba, don na san abin da ke ciki. Da hannuna na miƙa wa Baba shi shekara uku da suka wuce.

Baba ma'aikacin reluwe ne. Da ya yi ritaya ya sayi wata mota 'yar Kwatano mai ruwan toka, ita ce motarsa ta farko, ita ce ta ƙarshe. Rediyon da ta zo da shi baƙi ne, da maɓalli shida a jere da bakin sa kaset. A cikin bakin nan akwai kaset guda wanda ba ya fita. Waƙoƙin zumuntar matan cocinmu ne, da yarenmu, an ɗauka a wani taron shekara tun ina firamare, kuma Mama ce mai ba da waƙa. A lokacin, idan Mama ta ɗaga murya a coci, mai sayar da gyaɗa a bakin titi ma yana ji. Daga baya maƙoƙo ya fito mata a wuya, aka yi mata aiki, aikin ya yi kyau amma murya ta tafi. Satin da aka sallame ta daga asibiti Baba ya sa kaset ɗin a mota. Ba a daɗe ba maɓallin fitar da kaset ya mutu, shi kuwa ko a jikinsa. Kaset ya ƙare gefe guda ya juya da kansa ya kama ɗayan, haka shekara da shekaru. Wani kwafin kuma babu, ko a coci ko a gidan kowa.

Mu yara mun gaji da kaset ɗin nan har wuya. Daga Kafanchan zuwa ƙauye sai ya kusa zagayowa sau biyu. Akwai wata waƙa a ciki da mata kan yi shiru su bar wa maza wuri su amsa, amma ranar da aka ɗauka babu maza, sai ganga kawai ke tafiya a gurbin. Baba ne ke cike gurbin da ƙatuwar muryarsa yana tuƙi. Sai dai Baba bai taɓa iya shiga daidai ba, ko ya yi gaba ko ya yi baya. Don haka Mama, tana zaune a gefensa, sai ta buga masa gwiwa idan lokacin ya yi. Mu a baya muna ta kwaikwayonsa muna dariya.

Shekarar da na sami aiki na zo Kirsimeti da kaina a sama. Na ce dole in yi wa Baba abin da zai san 'yarsa ta zama mutum. Na karɓi makullin mota na ce zan kai wanki. Na fara zuwa wurin mai wayarin ɗinsa, wato mai gyaran wutar mota, wani dattijo Bahaushe da ke da rumfa a bayan kasuwa. Sa'an Baba ne, kuma tun ina goye ya san ni. Shi ke aiko mana da naman Sallah, Baba kuma ya kai masa sabuwar doya. Na nuna masa sabon rediyo a kwali, mai fuska kamar waya, na ce ya cire tsohon ya sa wannan.

Ya dubi kwalin ya dube ni, ya ce, "Abokina ya san da wannan?"

Na ce ba-zata nake so in yi masa.

Ya ce, "To 'yata, ni hannuna ba zai taɓa ba. Ki bar wa mutum abinsa."

Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, tsofaffi duk bakinsu ɗaya, ba sa son ci gaba. Na ja mota na tafi bakin tasha wurin samarin nan masu sa wa 'yan tasi manyan sifiku. Su ba su tambaye ni komai ba. Kafin in shanye lemo sun finciko tsohon, sun zura sabon, sun ɗora wani akwatin sauti a but wanda ya cinye rabin wurin buhun citta. Da suka kunna, gilashin mota har rawa yake. Na zuba wa Baba waƙoƙin coci na zamani fal a memori, na koma gida ina jin kaina.

Baba ya zagaya motar, ya leƙa ciki, ya ce, "Allah ya sa albarka." Sannan ya ce, "Ina tsohon?" Na miƙa masa, wayoyi na reto a bayansa. Na ce kada ya damu da kaset, zan nemi wanda zai ciro shi a juya waƙoƙin a memori. Ya ce to. Ban nema ba. Aiki ya sha kaina, na manta. Baba ya yi shekara biyu yana tuƙa motar nan kafin ya kwanta ciwon da bai tashi ba.

Wannan shi ne abin da ke cikin zanen. Kuma na san Mama: idan ta ce ba za ta yi abu ba, ko fasto ya zo da dattawan coci ba za ta yi ba. Ko dai a mayar da rediyon, ko kuwa ranar Asabar matar mamaci ta hau motar haya, 'yarsa ta iso ita kaɗai a motarsa, duk ƙauye na kallo.

Ranar Laraba da safe na tafi bayan kasuwa. Na yi ta shirya abin da zan faɗa a hanya, amma mai wayarin bai ba ni wahala ba. Ya yi min gaisuwar rashin Baba kamar jiya aka yi, ya karɓi ƙunshin da hannu biyu, ya kwance a kan bencinsa. Ya juya rediyon ya dubi baya, ya ja tsaki.

"Kin ga aikin 'yan tasha? Wannan soket ɗin zare shi ake yi, kamar yadda kike zare caja. Su kuwa almakashi suka sa. Allah ya taimake mu sun yanke da jelarsa, ga ta nan a jiki. Da sun yar da ita, da sai mu yi ta yawo a wurin masu tsofaffin kayan mota muna neman folo-kom."

Folo-kom shi ne abin da mota ta zo da shi daga kamfani. A wurin mai wayarin babu yabon da ya wuce wannan kalma.

Ya fara da cire kan batir. Sannan ya sa wani siririn ƙarfe da ya naɗe wa baki da tsumma, ya bi gefen dashbod yana ɓalle robar a hankali, ƙas, ƙas, yana ajiye kowane sukuru a cikin gwangwanin madara. Ya zaro sabon rediyon, sai ga wayoyi a bayansa a cukurkuɗe kamar taliyar da ta kwana. Ba su ko yi soda da dalma ba, murɗawa kawai suka yi suka naɗe da salatif, wani wurin ma da ledar biredi. Ɗaya daga cikin wayoyin ta yi baƙi ta narke.

Ya ɗaga min ita ya ce, "Wannan saura kaɗan ta kama da wuta. Abin da ya cece ku, ba a kunna shi."

Na ce, "Ba a kunna shi kamar yaya, Malam?"

Ya ce, "Abokina bai taɓa kunna shi ba ai. Dubi fuskar, ledar kamfani ma tana nan."

Na duba. Ledar tana nan, ko gefenta bai ɗaga ba. Ni duk zuwan da nake yi gida ban taɓa lura ba, saboda da na shiga nake haɗa wayata in sa abin da nake so.

Ya ci gaba da aiki. Ya bi wata jar waya mai kauri tun daga batir, ta ƙarƙashin kafet, har zuwa but, ya zare ta duka. Muka kama akwatin sautin ni da shi muka sauke, nauyi kamar buhun siminti. Daga nan ya zauna a kujerar direba, ƙafa ɗaya a waje, ya sa tabarau, ya jera wayoyin mota a hannun hagu, na jelar soket a hannun dama, yana haɗa launi da launi. Inda launi ya koɗe, sai ya ɗauki ƙaramin batirin tocila ya taɓa wayoyi biyu a kai, mu saurara. Idan ƙofar hagu ta ce ɓus, ya san nata ne. Ni ce mai sauraro, ina zagaya mota ina kanga kunne a ƙofofi ina cewa gaba dama, baya hagu. Kowace waya sai ya feƙe ta, ya haɗa, ya ɗiga mata dalma, ya jira ta huce, sannan ya naɗe. Na ƙirga wayoyi goma sha biyu. Abin da samarin tasha suka ɓata kafin in shanye lemo, mu tun safe har aka kira azahar ba mu gama gyarawa ba.

Da ya dawo daga masallaci ya zo min da dafaffiyar masara. Muna ci ne ya faɗa min, ba tare da ya dube ni ba.

"Ya taɓa kawo min shi, kin sani? Wata biyu bayan kin sa sabon. A cikin zanen nan. Ya ce in duba ko zai mayu. Na ce zai mayu. Har na ɗauko sukurdireba, sai ya ce in dakata. Ya zauna nan inda kike, ya daɗe. Can ya ce, bar shi, yarinyar za ta zo Ista, in ta ga an cire nata ba za ta ji daɗi ba. Ya naɗe abinsa ya tafi."

Na ajiye masarar. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun da nake. Da ma faɗa Baba ya yi min ranar, da na ji haushi na kwana biyu ya wuce. Na tashi na koma bayan mota kamar ina duba but, na tsaya a can har idona ya bushe. Mai wayarin bai kira ni ba, ya ci gaba da sodarsa.

Wajen la'asar ya zura soket, ya haɗa wayar eriya, ya tura rediyon cikin raminsa, ya zauna daram. Bai ɗaure sukuru ba tukuna. Ya mayar da kan batir, ya murɗa makulli. Fuskar rediyon ta kawo koriyar wuta. Na buɗe baki zan yi murna, sai na ga babu sauti, wasu haruffa huɗu ne kawai a tsaye.

Ya ce, "To, saura lamba."

Ashe irin wannan rediyo, duk lokacin da ya rabu da batir sai an danna masa lamba huɗu kafin ya yi magana. An yi haka ne saboda ɓarayi. Ya ce sau uku ake gwadawa. Idan aka kuskure na ukun ya kulle, sai an kai shi Kaduna wurin masu kwamfuta, su kuma sai sun farke shi gaba ɗaya. Ya nuna bakin kaset ɗin da yatsa.

"Zaren da ke ciki ya tsufa, ya naɗe a jikin ƙarfe. Yana tafiya ne don ba a taɓa shi. Ranar da aka sa masa ƙarfi zai tsinke. Shi ya sa ban taɓa yarda na ciro shi ba."

Na ce ai lambar ba za ta yi wuya ba, Baba mutumin reluwe ne, komai rubutawa yake. Ina faɗa sai na tuna. Baba ba ya rubutu a takardun mota. Duk wata lamba mai muhimmanci, ta fansho, ta mitar wuta, ranakun haihuwarmu, a bangon littafin waƙoƙinsa yake rubutawa. A gidanmu kuwa, idan dattijon coci ya rasu, ana ɗora masa Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙinsa a ƙirji kafin a rufe akwati. Ni ce babba, ni aka ba na ɗora. Ko buɗe shi ban yi ba.

Na faɗa wa mai wayarin. Ya yi salati, ya cire hula ya sosa kai. Can ya ce, "Amma fa ni ban taɓa ganin ya duba takarda ba. In na mayar masa da batir, sai ya yi 'yar waƙa a hanci, ya danna biyu, ya canja wata waƙar, ya danna biyu. Ki tambayi uwargida."

Na bar motar a rumfarsa na koma gida, da yamma na tambayi Mama. Tana tsince wake, ba ta ɗago ba. Ta ce da ya sayi motar ne ya raba lambar biyu, ya nemi waƙoƙin da suka faɗa a kan lambobin a littafi. Ɗaya waƙar girbi ce, wadda ake yi ranar kawo amfanin gona coci. Ɗayar kuma ta aure.

"Ya ce wai shi aka yi a aurenmu. Ni ban tuna ba. Amma ya nace, na bar masa."

Ta raɗa min farkon kowacce, na gane su. Ban tsaya jin ƙari ba. Halina ke nan tun ina yarinya, da an fara min bayani sai in ga na riga na gama fahimta. Na shiga ɗaki na ɗauko littafin waƙoƙina na Hausa tun na sakandare, na samo su: ta aure ashirin da shida, ta girbi arba'in da ɗaya. Duk lambobin ba su wuce shida ba, daidai da maɓallan rediyon. Na ce shi ke nan, an gama.

Ranar Alhamis tun kafin mai wayarin ya gama share gaban rumfa na iso. Ya murɗa makulli. Na danna biyu, shida, huɗu, ɗaya. Rediyo ya yi ƙit, ya nuna kuskure na ɗaya. Na ce a'a, to girbi ne farko. Kafin ya buɗe baki na danna huɗu, ɗaya, biyu, shida. Ƙit. Kuskure na biyu.

Mai wayarin ya cire hularsa ya rufe fuskar rediyon da ita, ya zare makulli ya jefa a aljihu.

"'Yata, ɗauke hannunki. Saura ɗaya. Hannun nan naki ya cika sauri. Je ki zo da uwargida."

Na ce ba za ta shiga motar ba.

Ya ce, "Motar ma ba inda za ta. Keke bai ƙare a Kafanchan ba."

Na hau keke na koma gida kamar wadda aka kora daga makaranta. Mama ta saurare ni har na gama, ta wanke hannu, ta ɗaura kallabi, ta ɗauki jakar cocinta. Muka hau keke har rumfar. Suka gaisa da mai wayarin, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi jiki, ta tambayi iyali da jikoki. Ya goge mata benci ta zauna. Motar tana gabanta, ƙofa a buɗe, ba ta ko kalli wajen ba.

Ta ce da ni, "Wani littafi kin duba?"

Na ce, "Na Hausa."

"Da Hausa aka yi aurena?"

Mai wayarin ya juya baya yana tari, na san dariya yake ɓoyewa. Ni kam sai a lokacin na tuna. Littafin Baba na yarenmu ne, wani ɗan ƙarami mai jan bango da aka daina bugawa tun da daɗewa. Waƙoƙin ɗaya ne, muryar ɗaya ce, amma jerin daban. Mu da muka tashi a gari, sujadar Hausa muka sani, na yare sai an je ƙauye. Na san da wannan sarai, gaggawa ce ta rufe min ido.

Na ce, "To Mama, a ina za mu sami irin littafin yanzu?"

Ta ce, "Littafin me? Shekara nawa ina kiran lamba a gaban mata?"

Mama ba ta yi boko ba, ba ta karanta ko harafi ɗaya. Amma ita ke tsayawa ta ce waƙa ta kaza, mata su buɗe, ita ta ɗauka da ka. Ta rufe ido, leɓenta na motsi. Ta faɗi lambobin da yarenmu tukuna, sannan ta juya su da Hausa saboda mai wayarin.

"Na aure, talatin da huɗu. Na girbi, goma sha biyar."

Na ce, "Wacce ce farko?"

"Aure muka fara yi kafin mu yi gona."

Na ce ko Malam zai danna, don ni na riga na kuskure sau biyu. Mama ta ce, "Ke kin cire, ke za ki danna."

Na shiga na zauna a kujerar Baba. Mai wayarin ya ɗauke hularsa, ya murɗa makulli, koriyar wutar ta kawo. Na danna uku. Na danna huɗu. Na tsaya na goge yatsana a zane. Ɗaya. Biyar.

Babu ƙit. Sai wani ɗan gurnani daga ciki, kamar tsohon keken ɗinki, sannan ganga, sannan murya. Ba daga farkon waƙa ya kama ba, daga tsakiyar kalma ya ci gaba, daidai inda almakashin samarin tasha ya tsayar da shi shekara uku da suka wuce. Muryar wata mace ce mai ƙarfi, tana hawa sama ba tare da wahala ba, mata suna amsa mata. Na ji muryar nan sau ɗari ina yarinya, amma ban taɓa saurarenta ba sai ranar. Mai sayar da taya a rumfar gefe ya bar abin da yake yi ya leƙo.

Mai wayarin ya ce alhamdulillahi, ya ɗauki gwangwanin madara ya fara ɗaure sukuru, kamar babu abin da ya faru.

Mama ta tashi daga benci. Ta zagayo ta gaban mota, ta buɗe ƙofar gaba ta wajen fasinja, ta kakkaɓe kujera da jakarta, ta zauna. Ta gyara zane, ta ɗora jakar a cinya, ta dubi gaba. Ba ta yi kuka ba. Ni ce nake yi, har ina jan hanci.

Na ce, "Mama, ki yafe min. Na hana shi jin muryarki shekara biyu."

Ta ce, "Yana ji. A mota ne kawai ba ya ji. Share fuskanki, mutane na kallo."

Ban san abin da take nufi ba, ban kuma tambaya ba. Sabon rediyon da akwatin sautin na bar wa mai wayarin, na ce ya yi yadda ya ga dama da su. Ya ce zai ajiye, wataƙila wani ɗan tasi ya zo nema. Ya mayar da robar dashbod, ya bubbuga ta da tafin hannu ta shige. Ya gargaɗe ni kada in kuskura in taɓa maɓallin fitar da kaset, kada kuma in bar motar a rana. Na rubuta lambar a takardun mota, na rubuta a wayata, na kuma rubuta a bangon littafin waƙoƙina.

Ranar Asabar muka kama hanya da sassafe, ni da Mama a gaba, kulolin abinci a but inda akwatin sauti yake a da. An yi ruwa ranar Juma'a, gonakin citta duk sun yi kore. Kaset yana ta tafiya. Mun wuce gari da kaɗan sai ga waƙar nan ta zo. Matan suka kai ƙarshen layinsu suka yi shiru, ganga ta ci gaba ita kaɗai. Babu wanda ya amsa. Ban taɓa sanin gurbin yana da tsawo haka ba.

Mama ta ce, "Nan yake shiga."

Na ce, "Na sani, Mama."

Baiti na biyu ya fara. Na riƙe sitiyari da hannu biyu, ina kauce wa ramuka, ina jin matan suna matsowa ƙarshen layi. Muryata siririya ce, ba ta maza ba, kalmomin ma rabi na sani. Matan suka yi shiru. Mama ta miƙo hannu ta buga min gwiwa, na shiga.